Tuwon Juma'a na Yaya a Azizya

Mun tashi da asuba daga Jidda, ni da 'yata, a bas mai sanyin da ya sa gwiwata kuka. Hanyar Madina shimfiɗe take, baƙaƙen duwatsu dama da hagu, ga birai a bakin titi suna jiran burodi. Shayin da muka sha a wurin hutawa kuwa, tsada kamar da zuma aka dafa shi, ɗanɗano kamar ruwan wanke kofi.

Yayata na je gani a unguwar Azizya da ke Madina. Tun da mijinta ya rasu, duk Juma'a sai ta tuƙa tuwo ta ciyar da leburori 'yan ƙasarmu, ladan ya je masa. Na tarar babbar tukunyar a kife, ta yi ƙura.

Ashe masu tallafa mata sun daina ba ta kuɗi a hannu. Kati suka ba ta, a shago ɗaya kawai yake aiki, kuma su suka zaɓi abin da zai saya. Babu masara, babu kuka. Wai kada tsofaffi su ɓarnatar. Matar da ta aurar da 'ya'ya, ita za a koya wa cefane!

"Yaya, ɗauko katin nan," na ce.

"Ke dai ba ki canza ba. Makaroni za ki tuƙa?"

Muka je shagon a unguwar Anbariyya. Na hangi goro na kau da kai, don na san katin ba zai saya ba. Mai shagon sai "mamnu'u, ya Hajja" yake yi mini duk abin da na taɓa, wato an hana. Ban yi boko ba, amma hannuna ya san hatsi. Na damƙi shinkafar Masar, gajeriyar nan mai danƙo, na ce wannan fa? Ya ce ta halatta. Na ɗaga busasshiyar mulukiyya, lalonmu ke nan sak. Ita ma ta halatta. Daddawa kuwa tana ƙulle a jakata tun Jidda.

Ranar Juma'a na tuƙa tuwon shinkafa da miyar lalo. Bayan an sauko, tsakar gidan ya cika. Wani Bazazzage ya kai loma, sai hawaye. Yaya tana zaune kan kujera tana ba da umarni, muryarta ta dawo.

Na koma Jidda da dabino da ciwon kafaɗa. Abin da na gano shi ne, sun iya zaɓar abin da zai shiga kwandon Yaya, amma wanda zai sa hannu a kwanonta, ita ke zaɓa.