Ranar da Inna Ta Karɓo Kyautarta

Shekarar da muka fara feshin ciyawa a gonarmu ta Wagini, ni ne na riƙa kawo wa Inna galan ɗin da magani ya ƙare a ciki. Farare ne, murfinsu na kamawa gam, ba sa yoyo. A lokacin gani nake na yi abin kirki.

Inna mace ce mai tsafta har ta yi yawa. Kowanne ta wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda malamai suka ce a yi wa ƙwaryar da kare ya lasa, sannan ta shanya su kwana uku. Ɗaya ta ajiye tana zuba wa Baba kunun gona, huɗu ta rabar wa maƙwabta.

Da damina ta yi nisa, Baba ya fara dawowa da ciwon kai da tashin zuciya. Muka ce rana ce, muka ce ciwon shawara ne, aka yi ta jiƙa saiwoyi. Ranar da ya yi amai a bakin gona har ya kasa miƙewa, na goya shi a babur zuwa asibiti a Batsari, galan ɗin kunun yana rataye a kafaɗarsa. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta buɗe murfin, ta sansana, ta dube ni. Ta ce roba shan maganin take yi, wanki ba ya fitar da shi, kunu mai zafi kuwa jawo shi yake. Kunya ta rufe ni. Ina taƙama da karatu, amma ban taɓa karanta jikin galan ɗin ba.

Baba ya samu sauƙi, muka dawo gida da la'asar. Na gaya wa Inna komai.

"Sau bakwai fa na wanke shi," ta ce. Can ta ce, "To, sauran huɗun fa?"

Na ce, "Inna, bari ni in je in karɓo."

"A'a. Hannuna ya bayar."

A wurinmu ko yaro ya ba da kyauta ya koma nema sai an yi masa dariya, balle dattijuwa irin Inna, wadda ko gishiri ba ta iya roƙa. Ta yafa mayafinta ta fita. A gida uku aka mayar mata da galan ɗin, wata har da cewa, "Ashe aro ne, Inna?" Ta haɗiye, ta yi bayani, ta wuce.

A gida na huɗu ta daɗe, gidan wata yarinya mai goyo. Da ta dawo ta sa ƙusa a wuta ta yi ja, ta huda galan ɗin ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya tsinta ya yi amfani da su. Da ta zo kan na ƙarshe sai hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Gobe ka kai jaririyar can asibiti. Wata biyu ke nan a cikin wannan uwarta ke aje mata ruwan sha. Ta ce kullum ta ba ta, sai ta sa mini albarka."