Dawar da Malam Uwaisu Ya Kulle

Malam Uwaisu a bayan tebur ya ƙare ƙuruciyarsa. Akawu ne irin na da, mai biro a aljihun gaba da keke wanda ya sha faci. Tun yana saurayi yake fita daga tsohon garin Daura zuwa ofis, har furfura ta rufe shi aka ce ya je gida ya huta. Bai taɓa noma ba, bai taɓa kasuwa ba. Iyakar saninsa, wata ya mutu a ba shi albashi. Ita kuwa ritaya ba ruwanta da mutuwar wata. Fansho yau ya zo, gobe a ce a yi haƙuri, ga matarsa Lami, ga yara 'yan makaranta, kowa da bakinsa.

Da aka biya shi garatuti, wato kuɗin sallama, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da Shari'a, sai ya rasa inda zai sa kuɗin. Batun banki kam, ya ce ba shi ba cin kuɗin ruwa da tsufansa. Aka ce ya sayi babur ya ba da haya, ya ce yaran yanzu kafin a shekara sai su dawo masa da sirdi kaɗai. A ƙarshe ya kwaikwayi manyan 'yan kasuwa: a sayi hatsi da kaka yana arha, a ajiye, a sayar in ya yi daraja. Ya bi kasuwannin wajen Sandamu da Mashi yana sayen dawa, ana shigo masa da ita kaɗan-kaɗan ta ƙofar baya, har ya cika ɗakin marigayiya mahaifiyarsa da ke ƙuryar gida, daga ƙasa har azara. Ya danna kwaɗo. Duk abin da ya samu a aikin gwamnati yana bayan wannan ƙofa.

A shekarar nan ne fari da fara suka cinye amfanin gona a Nijar. Hatsi ya yi tashin gwauron zabo, mutane suna ta tsallako iyaka da jakuna da buhunan da ba komai a ciki. Duk ranar kasuwa tiya sai ta ƙara kuɗi, shi kuma Malam Uwaisu sai ya ji wani daɗi yana tasowa daga cikinsa, daɗin da shi kansa yake jin kunyarsa.

Ana haka, wata Juma'a liman ya yi huɗuba mai zafi a kan masu ɓoye abinci suna jiran tsada alhali Musulmi na kwana da yunwa. Da aka dawo majalisa a ƙofar masallacin unguwa, ana ta Allah wadai, sai wani ya juyo.

"Af, Malam Uwaisu, kai ma kamar ka sayi 'yar dawa da kaka, ko?"

"Wa, ni? Ai tuni na sayar, tun da ɗari. Ko ƙwaya babu, wallahi."

Ba wanda ya nemi ya rantse. Bakinsa ne ya riga shi, ya kuwa tafi gida yana jin kalmar nan tana damunsa.

To, ga al'adar gidajen ƙasa: kafin ruwa ya sauka, kowane mai gida kan kira magini ya yaɓe rufi ya share indararo. Jafaru ne ke yi musu tun uban Malam Uwaisu na da rai, kuma yana da ƙa'ida. Sai ya shiga ɗaki ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta ci, sannan ya hau. Hannunsa da kyau, amma bakinsa ba linzami. Abin da ya gani da safe, kafin la'asar ya isa teburin mai shayi. Saboda haka Malam Uwaisu ya zagaya da shi ko'ina ban da ƙurya.

"Saura ɗakin Inna, Malam."

"Bar wannan, tarkace ne a ciki. Makullin ma ya ɓata. Ka hau ta waje mana."

"A'a, ni ba na hawa rufin da ban ga azararsa ba. In makulli ya samu a aiko."

Ya wanke hannu ya tafi abinsa. Lami ta jira har ya fita sannan ta ce, "Malam, ka fitar da dawar nan ka sayar ka huta. Wanda zai yi magana ya yi, kwana nawa ne?"

"Ke ba ki ji abin da na faɗa a gaban mutane ba? Da wane ido zan dube su?"

Dabararsa ita ce wani dillalin hatsi, Harisu, wanda ya yi alkawarin kawo mota ta ƙofar baya a kwashe gaba ɗaya a yi gaba da ita, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Sai dai Harisu kullum maganarsa ɗaya: a ƙara haƙuri, bayan shuka sai ta ninka. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Malam Uwaisu ya ƙara haƙuri.

Ruwa ya sauka, ya kuma sauka da ƙarfi. Manoma na hamdala, shi kuwa da ya ga hadari ya haɗo daga gabas sai ya kai ido kan rufin ɗakin Inna. Wata rana ana tsuga ruwa da yamma ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tsakar gida. Kowane indararo na kwarara, na ɗakin Inna kuwa ɗiga kawai yake yi. Ko akawu ya san inda sauran ruwan yake zuwa. Ya buɗe kwaɗo ya shafa buhunan gaba, ya ji su a bushe, ya mayar ya rufe da sauri. Na ciki ba sa ganuwa sai an fito da na gaba tsakar gida, ga shi rijiyar gidansa ce matan unguwa ke ɗiba, tun safe har magariba ba a rasa mai guga a hannu.

Tsoro ya hana shi cin abinci. Ya rame, ya zama mai faɗa, yaro ya yi tari kusa da ɗakin sai ya daka masa tsawa. Ranar da Lami ta ce, "Malam, ɗakin Inna fa tsami yake yi," sai ya miƙe. Hularsa ya ɗauka ya tafi neman Harisu.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a lungun baya. Lami ta tare masu ɗiban ruwa a zaure ta ce yau akwai maza a ciki. 'Yan dako suka janye layin farko, lafiya lau. Suka janye na biyu. A na uku buhu ya ƙi tasowa. Da suka fizge shi sai ya yage, wani ɗumi mai tsami ya bugo su. Kusurwar rufin ta zauna, ruwa ya daɗe yana bin bango. Dawa ta jiƙa ta kumbura ta tsiro, fararen saiwoyi sun huda buhuna sun ɗinke su da juna, har can ƙurya. Malam Uwaisu ya dafa bango ya zauna a ƙasa, yana ta maimaita innalillahi.

Harisu ya damƙi tsiron ya shinshina, ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Malam, kada ka ta da hankalinka. Wannan ma da masu sonsa. Masu dafa burkutu, can inda doka ba ta kai ba, tsiron dawa suke nema ido rufe. Uwar kuɗinka dai za ta dawo. Ga mota, ga ƙofar baya. Yanzu a loda, in ta kwana biyu ta ruɓe ko akuya ba za ta ci ba."

Malam Uwaisu ya dubi buhunan. Ya tuna kuɗin makarantar yara, ya tuna fanshon da ba shi da rana. Ya tuna kuma in motar nan ta tashi, rantsuwarsa ta rufu har abada. Wallahi ya so ya ce to. Direba na ta danna ham a waje.

Daga bakin madafa Lami ta ce, "Malam, kuɗin giya za mu ci da tsufanmu?"

Malam Uwaisu ya miƙe tsaye. Sannan ya ce wa Harisu ya sallami motar, ya bar masa 'yan dakon.

Tsakar gidan ba ta isa shanya ba. Fili ɗaya ne mai rana, ƙofar gida, a kan hanyar masallaci. Nan ya sa aka shimfiɗa tabarmi da leda, aka dinga fito da dawa buhu bayan buhu ana bazawa, ko a samu abin sayar wa masu kiwo. Mai kyan da ta rage ya ce a auna wa duk wanda ya zo da kwano a kuɗin kaka. Kafin rana ta take, unguwa kaf ta gani. Ba wanda ya ce masa komai game da rantsuwa. Kowa ya zo wucewa sai ya ce, "Sannu, Malam, Allah ya mayar da alheri," shi kuwa da a ce zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Ya zauna a kan turmi da sanda yana korar awaki har aka kira azahar. Bai motsa ba. Lami ta leƙo daga zaure da mayafinta.

"Tashi ka tafi salla, Malam. Kawo sandar."

Ya miƙa mata, ya yi alwala a gefen shanyar. Mutanen majalisa na shiga masallaci ɗaya bayan ɗaya, ya bi bayansu.