Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekara bakwai ke nan da aka kai ɗana na fari makwancinsa a Kurfi. Ni ban yi boko ba, faɗa nake wata yarinya na rubutawa.

Kun san shi da Farfesa, mai koyar da fiziks a jami'a a Dutsin-Ma. Ni kuwa ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, a wurinmu kunya ce. Kakarsa ta goye shi, ya tashi yana ce mani Yaya. In zan yi zancensa sai in ce "wancan".

Idan ina nuna wa ƙannensa taurari, Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, yakan raɓe a bakin rumbu yana saurare. Na san yana nan, ban taɓa waiwayawa ba. Ashe abin da zai ƙare rayuwarsa a kai ke nan. Da ya girma ya ce mani taurari garke-garke suke kamar shanu, kowane garke ya fi geron rumbunanmu yawa, shi kuma aikinsa binciken yadda suka taru.

Ranar da zai yi laccar zama farfesa ya turo mota har ƙofar gida, da sabuwar atamfa. Na ce wake na kan shanya. Ba wake ba ne. Ina ni ina zama gaban jama'a a ce ga uwarsa? Da la'asar ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, kujerarki na nan, ban bari kowa ya zauna ba." Na ce Allah ya yi albarka, fuskata na kallon bango.

Bana wata ɗalibarsa, yanzu ita ma malama ce, ta kawo mani hotunan garken taurarin nan a waya, irin waɗanda bai rayu ya gani ba. Da yana nan da ya manta da abinci. Idona ya yi yana, hazo kawai na gani. Ta ce, "Hajiya, har yau da littafinsa muke koyarwa, sunanki ne a shafin farko."

Shi ya rubuta nawa, duniya ta karanta. Ɗalibansa sun ci gaba da aikinsa, jikokina sun ɗauko goshinsa. Abin da ya saura nawa ne, kuma kwanana sun ƙaranta. Yarinya, rubuta da kyau, kar ki rage harafi.

Lawal. Ɗana ne, ni na haife shi. Allah ya jiƙanka, Lawal.