Mai Tsinke da Gaisuwar da Ba ta Kowa Ba

"Wata ɗaya," in ji Mai Tsinke. "Ba zan taɓa wayar ba, ba kuma zan ce wa matarka komai ba sai in ta tambaye ni. Kai kuma kafin watan ya cika ka faɗa mata gaskiya da bakinka."

Na ce, "Mu yi wata uku."

"Baba, ba akuya muke ciniki ba."

"To biyu."

"Ɗaya. Shi ma albarkacin furfurarka ne."

Na miƙa masa hannu, ya karɓa da ƙyar. Shekara arba'in ina dillanci, na sayar da gidaje, na sayar da motocin da sai an tura suke tashi, na san wanda ya yarda da wata ɗaya zai yarda da na biyu in an iya zama da shi. Na tashi daga gaban teburinsa ina ganin na ci ciniki.

Mutumin nan mai gyaran waya ne a bakin layinmu, a ƙarƙashin matakalar wani bene, wurin da in ka miƙe sai ka sunkuyar da kai. Mai Tsinke ake ce masa. Ya haura shekara ashirin a wurin, tun yana gyaran rediyo. Ƙarshen watan nan zai rufe, don idanunsa sun gaza. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani a kansa tun yana jin ana faɗa.

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofa ya iso. Zai share gabansa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera kayan aiki: 'yar fitila, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, tsohon buroshin haƙori, igiyoyin caji guda uku da ya yarda da su, sai gwangwanin tsinken sakace. Yana canza fuskar waya, yana canza batir kamar kowa, amma abin da ya sa ake tsallake shaguna biyar a zo wurinsa daban ne. Akwai wani rubutu da ke fitowa in ka soka wa waya caja ko abin kunne. Sai ta yi ɗan gurnani, ta rubuta da yaren waɗanda suka ƙera ta cewa ba ta gane abin da aka soka mata ba. Ka danna ya tafi, an jima ya dawo, har mutum ya ji kamar ya maka ta da bango.

Wani wurin za a ce maka sayi sabuwar caja. Ka saya, rubutun ya dawo, a ce to sai an farke wayar. Mai Tsinke cewa yake ba ya yanke wa waya hukunci sai ya ji shaidu. Zai cire igiyarka ya sa tasa. Ya canza kan cajar. Ya kashe wayar ya kunna. In rubutun na nan, ya haska ramin caji da fitila, ya daɗe yana leƙe, sannan ya kashe ta ya ɗauki tsinke. Na itace, ba allura ba. Ya ce allura ƙarfe ce, tana iya haɗa wuta ta ƙone abin da ka zo ceto. Sai duk wannan ya ƙi, ya sabunta mata manhaja ita ma ta ƙi, sannan yake yarda a kwance waya.

Telan layinmu caja huɗu ya saya kafin ya kai masa wayarsa. Mai Tsinke ya zaƙulo dunƙulen zare daga ramin, ja da kore da shuɗi, ya ɗora masa a tafin hannu ya ce, "Ga sauran yadin mutane da kake rantsuwa bai rage ba." Wata mai wankau kuma ya ce mata damshi ne, ta kashe wayar ta bar ta a iska har gobe, ta daina ɗaukar ta da jiƙaƙƙen hannu. Ta ce nawa, ya ce iska ba tasa ba ce. Mai sayar da caja na kusa da shi har yau "mai kashe kasuwa" yake kiran sa, kuma shi ma in tasa wayar ta fara rubutun nan, ta bayan matakala yake zagayowa.

To, abin da ya kai ni cinikin nan. Autanmu ya tafi neman abinci wata ƙasa. Shekarar farko yana kira duk mako, ta biyu sai wata-wata, daga nan shiru har shekara biyu, lambarsa ma ta daina shiga. Wayar da ke hannun uwarsa shi ya bar mata ranar tafiya, ya ce kada ta canza layi. Ba ta ajiye ta. Ɗaure take a haɓar zaninta, ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta inda za ta ji.

Wata safiya ta sa caji, wayar ta yi gurnani, rubutun ya fito. Ita ba ta karatu ko kaɗan. Ni ina haɗa baƙin Hausa a hankali, amma wancan yaren ba na jin sa. Ta miƙo min.

"Malam, duba min. Shi ne?"

Na dubi rubutun, na dubi fuskarta. Wata biyu ke nan ba ta cin abinci sai an yi faɗa. Na ce, "Shi ne. Ya ce yana lafiya, yana gaishe ki."

Ranar ta ci har ta ƙara.

Washegari ya sake fitowa, jibi ma haka. Dole na riƙa canza labari: yau ya samu aiki, gobe sanyin ƙasar ya dame shi, jibi ya yi mafarkin ta. Ta ce me ya hana shi kira, na ce a can kira tsada gare shi. Ta ce me ya sa sai ta sa caji yake rubutowa, na ce sai waya ta ji wuta take da ƙarfin jawo saƙo daga nesa. Dillali ba ya rasa amsa.

Ran da zazzaɓi ya kwantar da ita na zare wayar na kai wa Mai Tsinke, don ni ma ina so in san abin da ake rubutowa. Ya karanta min, ya haska ramin, ya kai hannu gwangwanin tsinke. Na riƙe masa hannu, na ba shi labari duka. Da na gama, ya ce:

"Ramin nan ya kusa toshewa. Yanzu tana ƙorafi amma tana shan caji. Nan gaba za ta yi ƙorafi ta ƙi sha. In ta mutu aka kira fa?"

Na ce, "Wanda ya yi shekara biyu bai kira ba?"

"Kai ka fid da rai, Baba. Ita ba ta fitar ba, kuma wayar tata ce."

Na ce masa ni magani nake ba ta. Ya ce ya ji, amma maganin yana cin wayar. A nan muka yi cinikin wata ɗaya.

Duk sanda na gifta sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, saura kwana goma sha biyu." "Baba, saura biyar." Sai na canza hanya. Watan ya cika ban faɗa mata ba. Ya aiko tela ya tuna min, na ce a ce masa ina tafe. Mako uku bayan nan wayar ta ƙi shan caji, ta mutu. Na ce mata wuta ce ba ƙarfi. Na sayo sabuwar caja a ɓoye, na hura ramin da baki, na girgiza, a banza. Da na cire layin na sa a tawa wayar da an tsira, amma da sai ta ce ina gaisuwar yau. Kwana biyu wayar na kwance ba rai. A na uku ta yafa mayafi ta ɗauki wayar ta fita.

Na same ta zaune a kan bencin Mai Tsinke, tela na tsaye a gefe. Mai Tsinke na zaƙulo abin da ya toshe ramin a hankali yana ajiyewa a kan farin ƙyallensa, gashin zane ne curi guda, launin zanin da ke jikinta. Ya goge da buroshi, ya soka igiyarsa. Wayar ta kama caji nan take. Ba gurnani, ba rubutu. Ta jira, ta jira.

"Yau bai rubuto ba?"

Ta sake cewa:

"Ɗan nan, kai ka yi karatu. Abin da ke fitowa kullum, me yake cewa?"

Ya cire gilashin daga idonsa, ya sauko daga kujera ya tsuguna a gabanta.

"Mama, wayar ce ke magana, ba mutum ba. Cewa take ba ta gane cajar ba."

"Duka?"

"Duka, Mama."

"Har wanda ya ce sanyi ya dame shi?"

"Har shi."

Ta juya wajen tela. "To ka dakata da rigar nan mai kauri." Ashe ta ba da ɗinki, tana jiran a samu mai tafiya. Ni ba ta dube ni ba.

Muna nan wayar ta kunnu, sai ga saƙo na gaske ya shigo, irin wanda kamfanin layi ke turowa in an neme ka wayarka na kashe. Mai Tsinke ya karanta, na ga ya sake karantawa. An kira sau biyu shekaranjiya, lambar ƙasar waje ce, ba ƙasar da muka san yaron ya tafi ba, maƙwabciyarta. Ya ɗauki tasa wayar ya kira nan take. Ba ta shiga. Ya sake, ya sake.

Ta ce, "Shi ne?"

Ya ce, "Ban sani ba, Mama. Yana iya zama shi, yana iya zama kuskure, yana iya zama 'yan damfara. Abin da na sani kawai an kira."

Tambayar da ta yi min ce ta yi masa, kuma ya ga fuskar da na gani.

Shekara biyu ke nan da faruwar wannan. Duk ranar Litinin kafin ya taɓa aikin kowa sai ya kira lambar nan, tela shaida ne. Ba ta taɓa shiga ba. Ya sa an ɗinka wa wayar 'yar jakar fata don gashin zane ya daina shiga, duk wata kuma yana duba mata ramin. Ya zauna ya koya mata da ido: ga kamannin saƙon mutum, ga kamannin ƙorafin waya, ga alamar an kira ba a ɗauka ba. Ni kuwa na jira ya ci min mutunci, na ma shirya amsa. Abin da ya ce min shi ne, "Laifina ne, Baba. Na san abin da zai faru, na kuma yarda." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Mai Tsinke, na ƙarƙashin matakala, kai ne ka zaɓi ka rasa ciniki da ka sayar wa mutum abin da ba shi ne ciwonsa ba. Kai ne ka tsuguna a gaban matar da ba ta san baƙi ba, ka faɗa mata abin da mijinta na shekara arba'in da biyu ya kasa. Kai ne ka ce "ban sani ba" a lokacin da "shi ne" ta fi sauƙi a baki. Na yi hulɗa da manyan mutane, na ga masu rantsuwa da abin da ya fi ƙarfinsu, ban ga mai riƙe magana kamarka ba.

Yanzu idon da ya yi shekaru yana leƙen ramin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya gaji. Likita ya ce ya bar aikin kusa. Kwanakin baya na gan shi yana laluben tsinke a kan ƙyallen da hannu, yana gabansa bai gan shi ba. Da ya ji tsayuwata sai ya yi dariya ya ce, "Ni ma idon nawa ya rubuto bai gane abin da aka soka masa ba." Ban iya yin dariyar ba. Uwar autana ta tambaye shi wa zai riƙa karanta mata in ya tafi. Ya ce ai ta iya yanzu. Ta ce ta iya ganewa, ba ta iya karantawa ba.

Mun gode, Mai Tsinke. Allah ya saka maka, ya sawwaƙe maka idon nan, ya ba ka masu kula da kai yadda ka kula da mutane. Ku kuma masu sana'ar nan da kuka rage, ku leƙa ramin kafin ku ce a sayi sabuwa. In wanda ba ya karatu ya miƙo muku waya, ku karanta masa abin da ke rubuce, ko da ba shi yake son ji ba. In kuma wani tsoho mai daɗin baki ya riƙe muku hannu ya ce ku bari sai wata mai zuwa, kada ku duba furfurarsa.

Riba dai ta tafi ga tela da mai wankau da duk wanda ya shiga ƙarƙashin matakalar nan ya fito da wayarsa lafiya. Mai Tsinke bai ci komai ba sai nauyin da ba nasa ba, yana ɗauke da shi duk Litinin. Ni na yi asara: har yau in wayar ta yi motsi, ina zaune a ɗakin matata za ta wuce ni ta fita da ita waje. Amma babbar asarar tata ce, ita da ba ta wurin sanda muka haɗa hannu. Ta rasa gaisuwar safiya, ta rasa kiran nan biyu. Wayar kuwa tana shan caji lafiya lau, kullum a cike take, ba ta ƙara rubuta mata komai ba.