Kwamfutar Mai Allurar Shanu

Shekarar da na fara rubuta littattafan karatu don ajin manya a ƙauyenmu, gabas da Gazawa, ina da wata kwamfuta mai nauyin dutsen niƙa. In na ɗaura ta bayan babur sai a yi ta tambayata ko gero na auno. Batirinta ba ya kai ni ƙarshen shafi biyu, kuma duk buro, wato ofis, da na kai takarda a buga mini sai na dawo mata da cuta. Rannan ta haɗiye mini aikin wata uku. Na zage ta tas a gaban ɗalibaina, tsofaffin da sun haife ni, suna ta ba ni haƙuri.

Wani abokina da muka yi karatu a lakol tare, wanda ke aiki a Maraɗi, shi ya nuna mini mafita. Ya ce akwai manhajar tafiyar da kwamfuta wadda ba ta kamfani ba ce, jama'a ne suka haɗu suka ƙera ta, kowa na iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara abin da bai yi masa ba. Cutar buro ba ta cika kama ta ba, kuma ba ta raina tsohuwar na'ura. Ya zuba mini ita a kile, ɗan abin nan mai tsawon yatsa da ake ajiye takardu a ciki. Ya ce kada in kuskura in sayi kwamfuta sai na soka mata shi na tashe ta daga cikinsa. In ta tashi, sauti ya fito, ta kama intanet, ta yarda ta rubuta mini ɓ da ɗ da ƙ, to ta yi. In ta tsaya gardama, in bar wa mai ita kayansa.

Ni ma ina da nawa sharuɗɗan. Ƙarama nake so, wadda za ta shige jakar ratayawa in rufa riga a kai, don a hanyoyinmu yanzu ba a son mutum ya nuna abin da ya ɗauko. Ina son batirin da zai kai ni daga hantsi zuwa la'asar, tunda ɗan faifan hasken rana guda ne duk wutarmu. Ina kuma son wadda ake kwance ƙasanta da sukurdireba, ba irin waɗanda aka manne da gam ba. Na yi makonni ina zagaya rumfunan Agiye da kilena a aljihu, har 'yan kasuwa suka gane ni. Wani ya ce in akuya zan saya ma sai na nemi inda zan soka mata kile. Na ce masa ai da akwai wurin, da ba a sayar mini da mai tari ba bara.

A Cadawa na same ta, ranar kasuwa, a wata rumfar cajin wayoyi can bayan 'yan hatsi. Mai rumfar mutum ne marar yawan magana. Ya saurari duk jawabina, sannan ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani abu a naɗe cikin buhun siminti. Baƙa ce, ba ta fi littafin makaranta girma ba, kusurwa guda ta ɗan fashe.

"A kulle take," ya ce. "Mai ita ya mance lambar sirri. Daga Najeriya anka kawo ta."

Na buɗe murfin na dubi haruffan. Kwamfutocin da ke ƙetarowa daga Najeriya jerin haruffansu na Ingilishi ne, kowa a harkar ya san haka. Wannan jerin Faransanci gare ta, irin na burorinmu. A bayan murfin akwai gurbin takarda da aka kankare da wuƙa, ba da daɗewa ba. Tana kuma wani wari da na sani amma na kasa tuna inda na san shi. Duk da haka kwaɗayi ya hana ni ajiye ta.

Na soka kile, na kunna. Ta tashi kamar dama jirana take yi. Sauti ya fito, ta kama intanet daga wayata, ta rubuta ƙ ba musu, fankarta ko numfashi ba a ji. Duk abin da na yi makonni ina nema ga shi a kan cinyata. Sai na ga wani ɗan akwati a gefen allo, na taɓa shi don kawai in ga girman cikinta.

Abin da abokina bai gaya mini ba shi ne, makullin tsohuwar manhaja ƙofarta kawai yake tsarewa. Wanda ya shigo ta kile ta bayan gida ya shigo. Kayan mai ita suka zubo a gabana, takardu da hotuna jere-jere. Hoton farko na wani mutum ne siriri da farar hula, ya riƙe kunnen maraƙi yana dariya. A nan na tuna warin. Maganin dabbobi ne.

Mai rumfar ya zagayo bayana. "Ta buɗe?"

Na rufe murfin da sauri. "Tawa ce ta buɗe. Tata na nan a kulle."

Ya faɗi kuɗinta, na zaro na ba shi. Ni da kan yi cinikin albasa har mai ita ta roƙe ni in tafi, ranar ko tayi ban yi ba. Kuskure ne babba, na kuma gane haka tun kafin in mayar da hannu aljihu. Ya tsaya yana kallona, bai ko duba abin da na ba shi ba.

"Malam, daga wane gari kake?"

Na faɗi sunan wani ƙauye da ban taɓa kwana a cikinsa ba. Daga Cadawa har na wuce Agiye ina waige, duk babur ɗin da ya biyo bayana sai na rage gudu ya wuce.

Washegari bayan an tashi aji na zauna gindin bishiyar bedi don in girka mata manhajar ta zauna dindindin. Aikin ba wuya. Za ta tambaye ka harshe, ta tambaye ka gari, sannan ta yi tambaya ta ƙarshe, ko ka yarda a shafe duk abin da ke ciki. Na kai yatsa, na janye. Na ce bari dai in san wanda zan shafe.

Mai allurar shanu ne, daga wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, sunan garin na kan kowace takarda tasa. Hotunansa yawanci na kofato ne da harshe da idon saniya. Amma akwai wuri guda da ya ware wa ginin ɗakinsa. Hoton farko fili ne da igiya a ja. Sai tubali a shanye, sai bango ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, wata mata tana leƙowa ta gurbin taga tana kare fuska da mayafi. A hoto na ƙarshe bango ya kai, an jingina azara a gefe, saura rufi. Daga nan babu wani abu kuma. Ya daina ajiye komai tun kafin damina, ga shi lokacin har an gama yankan gero.

Ina cikin haka maƙwabcina ya iso, wani dattijon Bafulatani da ya taso da iyalinsa da shanunsa daga yamma saboda masu ɗaukar mutane. Kullum yakan biyo in duba masa saƙon waya. Ya leƙa allon, ya ajiye sandarsa.

"Wannan likita ne. Shi ka yi ma shanunmu allura can."

"Baffa, ka san shi? Yana ina yanzu?"

"Anka tare shi hanya, shi da babur nai, tun ruwa bai sauka ba. Har munka taso ba a kira gida nai ba." Ya dube ni. "Ina kas samo hoto nai?"

"Kwamfutarsa ce. A kasuwa na saya."

"Kasuwa," ya ce. Ya sake cewa, "Kasuwa." Ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai ko ba ni wayar na duba ba.

Na yi mako biyu da abin nan a zuciyata. Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. In aka same ni da kayan mutumin da aka ɗauke, da wane baki zan yi bayani? Taɓa maɓalli guda ya isa ta zama tawa fes, ba wanda zai ƙara sanin ta taɓa zama ta wani. Sau uku ina kaiwa ga tambayar nan ina kashewa. Abin da ya hana ni shi ne bangon nan da matar da ke leƙowa. Na riƙa gaya wa kaina cewa watakila yana da rai, watakila in iyalinsa suka ga kwamfutar za su samu bakin zaren. Ko ba komai za su samu fuskarsa. A wautata har na fara jin daɗin kaina, ina hango yadda za a sa mini albarka.

Na shiga motar haya da sassafe, jakar a ƙarƙashin riga. A shingen jandarma kafin Maraɗi aka ce kowa ya nuna takardarsa. Jami'in ya dubi tawa ya miƙo mini, bai tambayi komai ba, amma sai da gumi ya jiƙa mini jakar. Bayan Tsibiri hira ta mutu a motar. Kowa ya zuba ido a kan gonaki, inda aka bar karan dawa a tsaye babu mai sarewa. A Gidan Rumji ɗan kabu-kabu na farko ya ji sunan ƙauyen ya girgiza kai. Na biyu ya yarda, da sharaɗin mu juyo kafin la'asar.

Ban tambayi gidan ba. Tun daga bakin gari na hango ɗakin. Damina guda ta bi ta kansa, saman bangon ya zaizaye, azarar tana nan a jingine inda ya bar ta.

Mahaifinsa na zaune a ƙofar gida kan buzu, tsoho mai farin gemu. Akwai wata ƙaramar waya a hannunsa, an ɗaure ta da zare a wuyan rigarsa. Muna gaisawa yana duba ta. Ya ga na lura, ya ce, "Lambar da ɗana ya sani ce. Kullum sai an kai ta caji. Ba ta taɓa mutuwa ba, ko sau guda." Matar da na gani a hoto ta kawo mini ruwa a kwano, ta durƙusa ta gaishe ni, ta koma bakin zaure ta tsaya.

Na ce, "Baba, na zo muku da wani abu na ɗanku."

Na zaro ta, na soka kile, na buɗe hoton maraƙin, na juya masa allon. Ina murmushi, Allah ya sani ina murmushi. Tsohon ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ta ba.

"Wa yab ba ka? Su sunka aiko ka?"

"A'a, Baba, ba wanda ya aiko ni. Saye na yi."

"Ina?"

"Kasuwar Cadawa."

Matar ta yi wani ɗan sauti ta shige ciki. Tsohon ya yi salati a hankali, sau biyu. Na dubi ɗan kabu-kabun, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Malam, kai ba mutumin nan ba ne, shi yas sa," in ji tsohon. "Nan wurinmu, in sunka ɗauki mutum, muddin shina da rai ba su saida kaya nai. Babur da waya da komi suna aje, don da su za a yi magana. Ranar da kag ga kayan mutum kasuwa, to sun gama da shi. Kowace ranar kasuwa ina aikawa a duba mini babur nai, Gidan Rumji da Tsibiri har Maraɗi. A dawo a ce ba a gani ba, in yi hamdala. Ban san in ce a duba wagga ba."

Sai lokacin na gane abin da Baffa yake nufi da ya maimaita "Kasuwa" a gindin bedi. Na fara cewa watakila sata ce, watakila faɗuwa ta yi a hanya, watakila wani ne cikinsu ya ɓoye ya sayar. Ya ɗaga mini hannu.

"Ka yi zumunci. Da ka shahe ta, da muna nan muna jira har in mutu." Ya dubi wayar da ke hannunsa. "Ban san wanne ya hi ba."

Ni ma ban sani ba, har yau. Na yi baƙin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, na ji haushin kilen nan da wayon da nake taƙama da shi a rumfunan Agiye.

Ya ɗaga murya ya ce a kira liman, a fito da tabarmi. Sannan ya kwance zaren daga wuyan rigarsa, da ƙyar, don ƙullin ya daɗe. Ya danna maɓallin wayar ya riƙe har hasken ya ɗauke, ya ajiye ta kusa da kwanon ruwan da ban sha ba. Babu kowa a wurin sai ni da ɗan kabu-kabu, don haka ni na fara yi masa ta'aziyya.