Baba Kumai, Mai Waƙa a Gindin Rijiya

Kowace safiya, in ba Lahadi ba, Baba Kumai yakan fito daga gidansa da ke bayan layin dogo a Kafanchan, da gajeriyar diga a kafaɗa da wani bokitin ƙarfe da ya sha faci har an daina gane asalinsa. Sai ya tsaya wajen mai ƙosai ya yi mata ƙorafi cewa ƙosan bana ya ƙanƙance, sannan ya saya. Daga nan ya biya ƙofar gidan Jibir, ya yi ta buga bokiti da diga har sai Jibir ya fito da igiya a naɗe yana mita. Haka na san su tun ina 'yar makaranta, ga shi yau ina da jikoki. Aikinsu haƙa rijiya da yasarta: Kumai ya shiga, Jibir ya riƙe igiya.

Daga wani ƙauye kusa da Godogodo Baba Kumai ya zo, ɗan manoman doya ne. Aikin reluwe ya zo nema, aka ce masa ya dawo gobe. Yana jiran goben ne ya fara haƙa rijiya, kuma har yau in an tambaye shi sai ya ce na wucin gadi ne. Shi kuwa Jibir Bafulatani ne da cuta ta cinye masa shanu, ya shigo gari ba shi da komai sai ƙarfin hannu da sanin igiya.

Ƙa'idarsu guda ce. Can ƙasan rijiya akan sami muguwar iska mai sumar da mutum ba tare da ya ko yi tari ba. Saboda haka muddin Kumai yana ciki, dole ya yi ta waƙa. In waƙa na tashi, mutum na numfashi. In ta tsaya, a ja igiya. Matsalar ita ce waƙoƙin coci kaɗai ya iya, kuma muryarsa irin wadda mawaƙan coci suka saurara sau ɗaya suka roƙe shi ya taimaka wa Ubangiji ta wajen kaɗa ƙararrawa. Rijiya kuwa ƙara murya take yi. Mu a unguwarmu ba ma tambayar gidan wa ake yasa, kunne ke faɗa mana.

Wanda ya fi shan wahala Jibir ne. Mutumin da sallar jam'i ba ta wuce shi, ya wayi gari ya haddace waƙoƙin sujada kaf, baiti-baiti, ba da son ransa ba. Matarsa ta taɓa kama shi yana raira ɗaya yana gyaran akurki. Ya ce mata gwajin igiya yake yi.

Baba Kumai, kai ne ka haƙa rijiyar gidanmu lokacin da mahaifiyata ke tafiya har rafi da cikin autanmu. Kai ne ka fito da akuyar liman daga rijiyar masallaci, tana harbinka kana ba ta haƙuri. Ka shiga gidan fasto, ka shiga gidan alhaji, ka ci tuwon kowa, ka kuma gaya wa kowa cewa miyar maƙwabcinsa ta fi tasa gishiri. A shekarun da gari ya rikice mutane suka raba unguwa, kai da Jibir ba ku raba igiya ba.

Da girma ya fara kama Kumai, sai mantuwa ta shigo. Yana cikin waƙa sai baiti ya ɓace masa, ya yi shiru yana nema. Ranar farko Jibir ya fizgo shi sama da bokiti da komai, Kumai ya fito yana faɗa.

"Wane ne ya ce ka ja? Ni ban mutu ba, waƙan ne ya gudu."

Tun daga nan, in ya yi shiru, sai Jibir ya waiga hagu da dama, ya sunkuya bakin rijiya ya jefa masa layin da ya manta, murya ƙasa-ƙasa. Kumai ya cafe ya ci gaba. 'Yarsa Yemima, wadda ke aikin jinya, ta yi ta roƙonsa ya bar shiga rami, tana tsoron wata rana gawarsa za a jawo. Ya ce mata shi da rijiya sun saba.

A ranin da ya wuce suka je yasar rijiyar gidan Mama Bernice, mai sayar da citta. Da safe an sa injin jan ruwa an kwashe ruwan, hayaƙinsa ya kwanta a ciki, ba wanda ya lura. Kumai ya sauka yana waƙa. Can sai shiru. Jibir ya sunkuya ya jefa masa layin. Shiru. Mama Bernice ta ce abin da ta gani ba za ta manta ba: Jibir, dattijo da farin gemu da carbi a wuya, ya buɗe murya gaba ɗaya yana waƙar coci cikin rijiya, hawaye na zuba, hannuwansa na jan igiya. Maƙwabta suka taru suka kama masa. Kumai ya fito jikinsa ya saki, ba ya motsi.

A asibiti ya farfaɗo. Abu na farko da ya ce wa Jibir shi ne ya ji waƙarsa, kuma Jibir ɗin ya ɓata amshi.

Da aka sallame shi, ya ɗauki diga ya nufi gidan Jibir ya buga bokiti. Jibir ya fito hannu wofi.

"Ina igiyan?"

"Na ba Yemima ta yi shanya da ita. Kumai, ni na gama riƙe maka igiya. In za ka shiga, nemi wani."

Masu son riƙewa ba su yi kaɗan ba, amma Kumai ya ƙi kowa. Ya ce wanda bai san inda waƙa ke tsayawa ba, ba zai san inda mutum ya tsaya ba. Haka aikin ya ƙare. Yanzu bin gari yake yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, Jibir ne ya tsufa, hannunsa na rawa, shi ya sa ya ba shi hutu. Na kai wa Jibir wannan magana ina dariya, don in ji me zai rama. Ya dubi hannuwansa.

"Gaskiya ya faɗa," ya ce. "Tun ranar suke rawa."

Baba Kumai, mun gode. Mun sha ruwanka, mun yi alwala da shi, mun yi baftisma da shi, mun kuma yafe maka muryar. Malam Jibir, mun gode da riƙon, mun fi gode wa ranar da ka ƙi riƙewa. Ku kuma masu tasowa, ku yi aiki da gaskiya irin ta Kumai, kuma kafin ku sauka kowane rami, ku duba a sama kuna da wanda zai iya ce muku ya isa.