Datti da Rijiyar Malam Ja'afaru

Datti haifaffen Rafin Tukurwa ne, wani ɗan ƙauye a ƙasar Zazzau, tafiyar yini guda daga hanyar mota. Haƙar rijiya ya gada wurin ubansa, amma ƙasar garinsu rairayi ce, duk ramin da aka haƙa sai ya rufta da damina. Ruwan kududdufi suke sha, kurkunu kuwa babu gidan da bai shiga ba.

A shekarar 1951 aka yi shela cewa za a gina rijiyar siminti a duk ƙauyen da ya kai gida talatin, waɗanda ba su kai ba su tashi su koma bakin hanya. Aka aiko wani malami mai suna Ja'afaru a kan keke ya ƙirga gidaje. Datti da kansa ya zaga da shi, gida talatin da huɗu cif. Da Ja'afaru zai tafi sai ya yaba ragon mai unguwa har sau biyu, mai unguwa ya yi kamar bai gane ba. Bayan wata uku dagaci ya karanta musu takarda: an rubuta gida goma sha tara.

Da ranin nan kurkunu ya fito wa Hansai matar Datti a ƙafafu biyu, ciwon ya ruɓe, ta rasu. Mutane suka fara ɗaure kaya, yau wannan gida, gobe wancan. Datti na cikin na ƙarshen tashi. Ya zo Kaduna, ya sauka a Badarawa, ya koma sana'arsa. Da ya dubi ciyawar wuri ya san inda ruwa yake, har mahaƙan unguwar suka ɗauke shi uba.

Shekara shida bayan haka aka kira shi wani sabon gida a Malali. Maigidan ya fito cikin farar babbar riga, ya yi tumbi, ya zama babban akawu. Datti ya gane shi tun daga murya. Ja'afaru kuwa ko kallon kirki bai yi masa ba.

"Baba, an ce ka san ƙasa. Ina za a haƙa?"

Datti ya ga alamar ruwa sarai a kusurwar gabas. Ya juya ya nuna yamma, inda dutse ke kwance a ƙasa.

"Nan, ranka ya daɗe."

Sati bakwai yana haƙa, a hankali, yana gyara bango kamar na gidansa. Ran da diga ta yi tartsatsi a kan dutse ya fito, ya karkaɗe jiki, ya sa aka kira maigida.

"Babu ruwa a nan. Tun ranar farko na sani."

"Ka sani? To don me ka ɓata mini gida?"

"Ni mutumin Rafin Tukurwa ne, Malam. Ni na zaga da kai."

Ja'afaru ya dube shi, bai tuna ba. "Ƙauyuka da yawa na je," ya ce.

Wannan magana ta fi komai ƙona wa Datti rai. Ya bi mahaƙan Badarawa, Malali da Kawo ɗaya bayan ɗaya ya ba su labari. Babu wanda ya yarda ya taka gidan. Ja'afaru ya yi barazanar kai ƙara, amma ya san abin da za a tono a gaban alƙali, sai ya haƙura. Iyalinsa suka riƙa roƙon ruwa a maƙwabta, har ya gaji ya sayar da gidan.

Limamin unguwa ya kira Datti ya yi masa nasiha, ya ce matan gidan ba su yi masa laifi ba. Datti ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Gaskiya ne, Malam. Allah ya yafe mini. Amma ni ban yafe wa Ja'afaru ba."

Wanda ya sayi gidan, wani tela ne mai suna Ado, Datti ya haƙa masa rijiya a kusurwar gabas cikin kwana tara.